Me Ya Sa Na'urar Auna Bugun Zuciya Ke Rikicewa Idan An Tayar Da Janareta?

Agogon zamani mai ƙirga bugun zuciya, da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, sun shiga gidaje da shagunan magani a Gwarzo da Kabo. Matasa masu koyon haɗa na'urori ma suna sayen AD8232 su jona da Arduino don ganin zanen bugun zuciya. Sai dai sau da yawa layin kan yi kauri yana karkarwa, ko lambar ta riƙa tsalle. Sakamakon ƙarya kan sa lafiyayye ya kashe kuɗin mota zuwa asibiti a Kano cikin fargaba, mara lafiya kuma ya zauna a gida yana zaton lafiyarsa ƙalau.

Daga ina hayaniyar take?

Siginar da zuciya ke aikowa saman fata ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na bolt ɗaya ba, wutar gida kuwa bolt 230 ce. Jikin mutum yana kwasar kaɗan daga wutar wayoyin da ke kewaye da shi kamar eriya, kuma wannan kaɗan ɗin ya isa ya danne siginar zuciya.

A Najeriya wuta tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka sau 60. Shi ya sa ake sa matata a manhaja ta cire wannan adadi daidai. Wanda ya kwafo lambobin manhajar da aka rubuta don Amurka bai mayar da 60 zuwa 50 ba, matatarsa ba za ta kama komai ba.

Matsalar janareta

Ƙaramin janareta yana ba da 50 ne kawai idan injinsa na juyawa sau 3,000 a minti. Da an ɗora masa firji ko famfon ruwa, sai gudun ya ragu. Idan ya sauka zuwa 2,820, wutar ta koma 47 ke nan, hayaniyar ta bi ta gefen matatar ta wuce. Inbata mai araha da caja maras inganci su ma suna ƙara tasu hayaniyar.

Fata da motsi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana busar da fata, busasshiyar fata kuma ba ta barin sigina ta ratsa sosai. Man shafawa ma yana shiga tsakanin fata da ƙarfen na'ura. Ga kuma motsi: awon da aka yi a kan babur ba abin dogaro ba ne.

Na'urar yatsa da haske take aiki, don haka hasken rana da farcen roba suna rikita ta. Wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya gano cewa irin waɗannan na'urori sun fi kasa gano ƙarancin iskar oksijin a jinin baƙaƙen fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da fararen fata.

Abin da ya kamata a yi

Gyara daga tushe yake farawa, manhaja ita ce ta ƙarshe:

1. A yi awo da batir, a cire caja. Haɗari ne a manna wayoyi a ƙirji alhali na'urar tana jone da kwamfutar da ke kan soket.
2. A wanke wurin, a goge mai, a ɗan jiƙa fatar.
3. A gajarta wayoyin, a murɗe su tare kamar igiya. Hayaniyar za ta shiga su daidai wa daida, na'urar kuma ta soke ta.
4. A yi amfani da waya ta uku. Ita ce ke mayar wa jiki kishiyar hayaniyar.
5. A matsa nesa da janareta da inbata, a zauna shiru na 'yan mintuna.
6. A manhaja, a bar siginar da ke tsakanin 0.5 da 40 kawai ta wuce. Wannan zai rage hayaniyar ko 50 ce ko 47. Amma tacewa fiye da kima tana shafe siffar bugun da likita ke dubawa.

Wanda ke jin ciwon ƙirji ko numfashinsa na sarƙewa, kada ya tsaya jiran abin da agogo zai nuna, ya nufi asibiti mafi kusa.