Yadda Ake Hana Ɗan Kwikwiyo Cizon Wasa

A ƙauyukan Bodinga da Shagari, a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, kare ma'aikaci ne. Yana bin mafarauta daji da rani, yana raka makiyayi, yana gadin gona da garke. Amma watanninsa na farko a hannun yara yake yin su, kuma su ne ke miƙa masa yatsu da bakin riga ya kama, suna dariya. Daga nan matsalar ke somawa.

Kwikwiyo da baki yake sanin duniya. Yana da haƙoran nono 28 masu tsini, waɗanda ke fara zuba yana ɗan wata 3 zuwa 4, sai wajen wata 6 ko 7 manyan haƙora 42 su cika. A tsakanin nan dasashinsa na ƙaiƙayi, duk abin da ya samu sai ya tauna. Darasin farko kuwa a wajen 'yan'uwansa yake ɗauka: in ya ciji ɗaya da zafi, wancan ya yi ƙara ya bar masa wasan. Shi ya sa likitocin dabbobi ke ba da shawarar a bar shi da uwarsa har ya cika mako 8.

Dabarar 'yan'uwan nan ita mai kare zai ara. Da haƙori ya taɓa fata, sai a ce "bari!" da murya ɗaya, a tsayar da hannun, a juya masa baya na ɗan lokaci. In ya natsu a dawo, a ba shi igiya mai kauri ko tsumman da aka ƙulle ya gwaigwaya, a yaba masa. Fizge hannu da gudu na ƙara zuga shi, domin jininsa na bin abin da ke motsi ne. Kuma dole kowa a gidan ya bi ƙa'ida ɗaya; in uba ya hana, yara suka ƙyale, aikin ya rushe.

Duka da murɗe baki, da wasu ke ɗauka horo ne, tsoron hannun mutum kawai suke koya masa, kare mai tsoro kuwa shi ke cizo da gaske.

Akwai dalilin da ya fi yagewar riga nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kwikwiyo ma na iya ɗaukar cutar. A kai shi allurar riga-kafi da ya cika wata 3, a asibitin dabbobi mafi kusa ko na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. In ya fasa fatar yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai yaron asibiti a ranar.