Ko Ka Sani? Ƙudan Zumar da Ya Taru a Bangon Gidanka Matafiyi Ne

Ko ka san cewa curin ƙudan zuma da kan wayi gari ya maƙale a bango, ko ƙarƙashin kwanon gida, ba faɗa ya kawo shi ba? Idan amya ta cika, tsohuwar sarauniya takan fice da kusan rabin jama'arta, ta bar gidan ga sabuwa. Dubban ƙudajen sai su dunƙule kewaye da ita a wurin da suka fara samu, kamar fatake sun yada zango. Mutanen Sabo ta Ibadan, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, wadda ta ginu a kan saukar baƙin goro da shanu, sun fi kowa sanin haƙƙin irin wannan baƙo.

Kafin ƙudajen su taso, sun riga sun cika ciki da zuma guzuri. Ba su da saƙa, ba su da 'ya'yan da za su kare, shi ya sa ba su cika harbi a wannan hali ba. 'Yan leƙen asiri ne ke fita neman kogon itace ko wani rami. Wadda ta samu sai ta dawo ta yi rawa a kan curin, rawar da ke nuna alƙibla da nisan wurin. Bayanin wannan rawa na cikin abin da ya sa masanin kimiyya Karl von Frisch ya sami kyautar Nobel a 1973. Da ra'ayi ya zo ɗaya sai su tashi, wani lokaci cikin 'yan sa'o'i, wani lokaci bayan kwana biyu ko uku.

Amma fa zumar ƙasarmu tana da saurin fushi, kuma gidajen Sabo a cushe suke. Jifa, ko feshin fiya-fiya, ko cinna wuta da fetur na iya jawo harbi da gobara. Ƙuda ɗaya in ta yi harbi, takan saki wani wari da ke kiran 'yan'uwanta. Saboda haka a janye yara da dabbobi, a rufe tagogi, a kashe janareta da ke kusa, a nemo mai kiwon zuma ya kwashe su cikin amya da magariba. A kuma toshe ramukan silin, don in suka shige suka fara saƙa, fitar da su aiki ne ja.

Wanda aka harba ya kankare ƙarin da farce nan take. In fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, a garzaya da shi asibiti. Asibitin UCH ba nisa da Sabo.

Ga sura guda a Alƙur'ani da sunan wannan halitta, ga hadisi ya hana kashe ta. Don Allah, in ta sauka a gidanka, ka ba ta hanya, kada ka ba ta wuta.