Yadda Ake Lissafin Ruɓaɓɓen Dutse Don Daɓen Hanya Da Farfajiya

Ganin yadda siminti da tayil ke cin kuɗi, masu gidaje da otal-otal da makarantu na iya rage ɗawainiya ta hanyar daɓe hanyoyin lambu da farfajiya da ruɓaɓɓen dutsen giranit. Shi wannan dutse ruwa da rana ne ke ruɓar da shi a tsawon zamani, har ya marmashe ya zama ƙananan tsakuwa gauraye da gari. Garin shi ne ke riƙe tsakuwar idan an jiƙa an daɓe. Inda ba a samu ba, ƙurar dutse da ake sayarwa a wuraren fasa dutse, irin na Mpape a Abuja da na kewayen Abeokuta, tana yin kusan wannan aiki.

Sai dai asarar da mai saye kan yi, daga wajen ciniki take farawa. Galibi da tifa ake yin ciniki, alhali kuwa tifa girma-girma ce. Saboda haka wajibi ne a yi lissafi tukuna, sa'an nan a sayi kayan da awon tan ko kubik mita.

Ga yadda lissafin yake. A auna tsawo da faɗi da kauri duk da mita, a ninka su. Hanya mai tsawon mita 20, faɗin mita 1.2, kaurin santimita 7.5, wato mita 0.075, za ta ci kubik mita 1.8. Da yake kayan na lotsawa idan an daɓe, sai a ƙara kashi 20 cikin 100, ya zama wajen kubik mita 2.2. Kubik mita guda kan yi nauyin kimanin tan 1.6, ke nan hanyar na bukatar tan uku da rabi. Farfajiya mai mita 6 da mita 5, a kaurin santimita 10, za ta ci kusan tan 6. Ya kamata a lura cewa jiƙaƙƙen kaya ya fi nauyi, don haka wanda ya saya bayan ruwan sama ya biya har da kuɗin ruwa.

Wajen aiki kuwa, a share ciyawa, a daɓe ƙasa, a kafa bulo a gefe domin kada kayan su watse. A zuba su hawa biyu ko uku, ana yayyafa ruwa ana daɓe kowane hawa. A karkatar da daɓen kimanin santimita 2 a kowace mita domin ruwa ya wuce.

Har ila yau, irin wannan daɓe bai dace da gangare mai tsanani ba, domin ruwan damina zai zaizaye shi. Tsakuwar kuma kan bi takalmi ta karce tayil, saboda haka a bar shimfiɗar kankare a bakin ƙofa. Mai hangen nesa kan ajiye baro biyu ko uku domin cike gurabe bayan damina.