Dalilan da suka sa ya kamata mu sayi 'ya'yan itatuwan da aka noma da takin gargajiya

Gabatarwa

Allah Maɗaukakin Sarki ya albarkaci yammacin Jihar Zamfara da ƙasar noma mai kyau da fadamu masu yalwa, musamman a gefen Gulbin Zamfara. A kasuwannin Anka da Gummi da Bukkuyum ana samun mangwaro da gwaba da kankana da gwanda, kowanne a lokacinsa, ga kuma 'ya'yan itatuwan daji irin su kanya da ɗinya da magarya da goriba da aduwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kowane baligi ya riƙa cin aƙalla giram 400 na 'ya'yan itatuwa da kayan lambu a kullum. Amma akwai buƙatar mu san yadda aka noma abin da muke ci da kuma yadda ya nuna.

Abin da muke nufi a nan shi ne 'ya'yan itatuwan da aka noma da kashin dabbobi ko ruɓaɓɓen ganye, ba a yi musu feshin maganin ƙwari na kanti ba, aka kuma bar su suka nuna da kansu.

Na farko: guba ba ta ganuwa

Al'ummar wannan yanki ba za su manta da shekarar 2010 ba, lokacin da aka gano gubar dalma a ƙauyukan Dareta da Abare da Bagega na ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma ta ƙaramar hukumar Bukkuyum. Yara aƙalla 400 ne suka rasu. Wannan guba ta fito ne daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ba ta da alaƙa da maganin feshi. Sai dai darasin ɗaya ne: abin da ke cutarwa yana iya shiga jiki ba tare da ido ya gani ko harshe ya ji ba, kuma ƙananan yara ne suka fi shan wahala. Haka ragowar maganin ƙwari yake zama a bawon gwaba ko mangwaro idan aka tsinka jim kaɗan bayan feshi, ba a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin da muke kira fiya-fiya da aka samu a cikinsa.

Na biyu: kauce wa kabayid

Wasu 'yan kasuwa kan tsinko mangwaro ko ayaba ɗanye, su rufe shi da kabayid, wato sinadarin da masu walda suke amfani da shi, don ya yi launin nuna cikin kwana ɗaya ko biyu. Kabayid yana ɗauke da ɓurɓushin sinadarai masu guba, kuma hukumar NAFDAC ta haramta nunar da 'ya'yan itatuwa da shi. Irin wannan mangwaro yakan yi rawaya a waje amma cikinsa da tauri da tsami, ba shi da ƙamshi, wani lokaci kuma akan ga farin gari a jikinsa. Wanda ya nuna a bishiya ƙamshinsa ne ke fara sanar da mai saye.

Na uku: lafiyar ƙasa da ruwa da manomi

Takin gargajiya yana sa ƙasa ta riƙe danshi, abin da lambun rani yake matuƙar buƙata. Maganin feshi kuwa, idan ya yi yawa, ruwa kan wanke shi zuwa gulbi da tafkunan da jama'a da dabbobi suke sha, yana kuma kashe zuma da sauran ƙwarin da ke kai ƙurar fure daga wannan fure zuwa wancan. Kankana ba ta yin 'ya'ya sosai in babu su. Bugu da ƙari, manomin da ke feshi ba takunkumi ba safar hannu shi ne mutum na farko da gubar take shiga. Jiƙaƙƙen garin 'ya'yan darbejiya yana korar ƙwari da dama, kuma bishiyar tana ko'ina a garuruwanmu.

Na huɗu: kuɗi ya tsaya a gida

Takin zamani ya yi tsada ƙwarai tun daga 2022. Kashin shanu da na awaki kuwa ana samunsa a gida ko wajen makiyaya. Duk wanda ya sayi kayan irin wannan lambu ya ƙarfafa wa manomin garinsu gwiwa ya ci gaba da wannan hanya.

Abin lura

A kasuwanninmu ba a liƙa wa 'ya'yan itatuwa wata takardar shaida, saboda haka sanin mai lambu da tambayarsa shi ne babbar madogara. Har ila yau, takin gargajiya ba ya kawar da dalma. Kada a yi lambu ko a shanya kaya a inda aka taɓa niƙa ko wanke duwatsun zinariya, kada kuma a yi ban ruwa daga kududdufin da ke kusa da wurin. A bar taki ya ruɓe sosai kafin a zuba shi. Kowane irin ɗan itace, a wanke shi da ruwa mai tsabta kafin a ci, a kuma wanke wa yara hannu.

Kammalawa

Muna kira ga magidanta da iyaye mata da su riƙa sayen kowane ɗan itace a lokacinsa, su tambayi inda ya fito, kada kyawun launi ya ruɗe su. Muna kuma roƙon 'yan kasuwa da su ji tsoron Allah a kan abin da suke sayar wa jama'a. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, amin.