Kafin Ki Biya Kuɗi, Juya Kwalin: Yadda Ake Karanta Lissafin Kabohaidiret

Mata da yawa sun rage tuwo da shinkafa, wasu don rage ƙiba, wasu kuma likita ne ya ja musu kunne saboda ciwon sukari. Sai a maye gurbinsu da biskit, konfilas ko lemon kwali, a ɗauka an samu sauƙi. Bayan wata biyu ma'auni bai motsa ba, sukarin jini ma yana nan inda yake. Sau da yawa amsar tana rubuce a bayan kwalin, cikin ɗan jadawalin nan mai ƙananan haruffa da ba a cika dubawa ba.

Me ake ƙirgawa?

Kabohaidiret ya ƙunshi abubuwa uku: sitaci, sukari da fiba. Sitaci da sukari duk suna narkewa su shiga jini a matsayin gulukos, kuma kowane giram ɗaya yana ba da kalori 4. Fiba kuwa, wato irin dusar hatsi da zaren ganye, jiki ba ya narkar da ita kamar sauran, don haka ba ta cika ɗaga sukarin jini ba.

Galibi ana kiran tsarin abinci mai ƙarancin kabohaidiret idan mutum bai wuce giram 130 a rana ba. Masu tsarin keto suna sauka har zuwa giram 20 zuwa 50. Da wannan ma'auni za ki gane ko lambar da kika gani babba ce ko ƙarama.

Fara da yawan da aka auna

Uwargida, kafin ki duba kowace lamba, nemi inda aka rubuta "Serving size" ko "Per 100g". Nan ne tarkon yake. A ce ledar biskit tana da nauyin giram 120, an rubuta kabohaidiret giram 20, amma na cin mutum sau ɗaya ne da kamfani ya ƙayyade a giram 30. Idan kika cinye ledar da shayi, giram 80 kika ci, fiye da rabin kason yininki.

Haka abin yake a kayan sha. Lemon kwalba na yau da kullum yana ɗauke da sukari kusan giram 10 a kowane mililita 100. Robar santilita 50 ta kai giram 50 ke nan. Raba da 4, domin cokalin shayi ɗaya kusan giram 4 ne, za ki samu cokali 12 da ɗoriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci, har da na zuma da ruwan 'ya'yan itace, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kusan giram 50 ga babban mutum. Roba ɗaya ta cinye kason gaba ɗaya.

Idan kina kwatanta kaya biyu a kanti, yi amfani da layin giram 100, shi ne ma'aunin da ba ya sauyawa daga kamfani zuwa kamfani.

Layin sukari ba shi ne jimla ba

A ƙarƙashin "Carbohydrate" za ki ga "of which sugars". Wannan yanki ne na lambar da ke samansa, ba a haɗa su a tara. Kuma ƙanƙantarsa ba ta nufin abincin ya dace da ke. Konfilas na iya nuna sukari giram 8 kacal a cikin 100, alhali jimlar kabohaidiret ɗinsa ta haura 80, saura duk sitacin masara ne. Biskit mai tambarin "sugar free" ma da fulawa aka yi shi. Wasu irinsa ana zaƙaƙa su da maltitol ko sorbitol, waɗanda ke kawo kumburin ciki da gudawa idan an ci da yawa.

Duba ƙasar da kayan suka fito

A kayan Amurka, "Total Carbohydrate" ya haɗa har da fiba, don haka masu wannan tsarin abinci sukan cire fiba daga jimla. Idan jimlar 16 ce, fiba 8, saura 8. A kayan Ingila da Tarayyar Turai kuwa an riga an ware fiba a layinta daban, kada ki sake cirewa, za ki yaudari kanki. Idan da Faransanci aka rubuta, kamar yadda ake yawan gani a kantunan Maraɗi da Damagaram, nemi "Glucides" da "dont sucres".

Sannan ki leƙa jerin kayan haɗi. Ana jera su ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙaranci. Idan kika ga sugar, glucose syrup, dextrose ko maltodextrin a ukun farko, kin san abin da ke hannunki.

Wanda ba shi da kwali fa?

Dafaffiyar farar shinkafa tana da kusan giram 28 a kowane giram 100. Dabino ya haura 60. Ƙwai, kifi da nama kusan babu. Alayyahu, kuɓewa da kabeji kaɗan ne a cikinsu, sai ki yawaita miya ki rage malmala.

A kiyaye

Mai shan maganin ciwon sukari ko allurar insulin kada ta rage kabohaidiret sosai ba tare da sanin likitanta ba, domin sukarin jini na iya faɗuwa har ta suma. Mai juna biyu da mai shayarwa su ma su nemi shawara tukuna. Yara kuwa suna buƙatar tuwonsu da kununsu don girma. Abin da za ki rage musu shi ne lemo da alawa, kuma wannan jadawalin zai nuna miki wanne ya fi yawan sukari.