Robert Hogan da binciken shugabanci: Me ya sa halin da ke ɗora mutum kan kujera yake iya kayar da shi?

Duk lokacin da shugaba ya gaza, tambaya guda ce ke dawowa bakin jama'a: ta yaya mutumin da ya burge kowa a lokacin neman kujera ya zama abin kuka bayan ya hau ta? Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Amurka, Robert Hogan, ya shafe shekaru fiye da 50 yana bin diddigin wannan tambaya. Amsar da ya cim ma ita ce, halayen da ke taimakon mutum ya samu shugabanci daban suke da waɗanda ke sa ya iya shugabancin.

Zamanin da aka yi watsi da hali

An haifi Hogan a shekarar 1937. Ya yi aiki a rundunar sojan ruwan Amurka, sannan ya samu digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1967. Daga nan ya koyar a Jami'ar Johns Hopkins, kafin ya koma Jami'ar Tulsa a jihar Oklahoma, inda ya shugabanci sashen nazarin halayyar ɗan Adam.

Ya shiga fagen ne a lokacin da kasuwar nazarin hali ta faɗi. Tun a 1948, Ralph Stogdill ya bi rubuce-rubucen da aka yi kan shugabanni, ya kuma nuna cewa babu wani jerin halaye da ke mai da mutum shugaba a kowane yanayi. A 1968 kuma Walter Mischel ya fitar da littafin da ya girgiza fagen, inda ya ce alaƙar da ke tsakanin sakamakon gwajin hali da abin da mutum ke aikatawa da wuya ta wuce 0.30 a ma'aunin da ƙarshensa 1 ne. Masana da yawa suka ɗauka cewa yanayi ne ke juya mutum, hali kuwa ba shi da wani tasiri na a zo a gani.

Bahaushe ya ce hali zanen dutse. Hogan yana cikin tsirarun da suka tsaya kan cewa akwai gaskiya a irin wannan fahimta, kuma kuskuren yana wajen abin da ake aunawa.

Abin da mutum ke faɗa da abin da ake faɗa a kansa

Hogan ya raba hali gida biyu. Akwai yadda mutum yake kallon kansa, akwai kuma shaidar da waɗanda suka zauna da shi suke bayarwa. Na farkon labari ne da mutum ya tsara wa kansa, kuma da wuya a tantance gaskiyarsa. Shaidar mutane kuwa tarin abubuwan da ya aikata ne a gaban idonsu, don haka ana iya auna ta, kuma ita ce ta fi nuna abin da zai yi gobe.

Ya kuma ce mutum, da yake halitta ce mai zaman rukuni, yana ɗauke da manyan buƙatu: ya zauna lafiya da mutane, ya samu matsayi a cikinsu, ya kuma ga ma'ana a rayuwarsa. Biyun farko sukan yi karo, domin mai neman ɗaukaka yakan taka wasu a hanya. A kan wannan tunani ya gina gwajin halinsa na farko a shekarun 1980, wanda aka tsara don masu lafiya a wuraren aiki, saɓanin gwaje-gwajen da aka yi don asibiti. A 1987 shi da matarsa Joyce Hogan, wadda ita ma masaniya ce, suka kafa kamfanin Hogan Assessment Systems a Tulsa.

Samun kujera da iya riƙe ta

A 1994 Hogan da Joyce da Gordon Curphy suka wallafa maƙala a mujallar American Psychologist, inda suka kawo ƙiyasin cewa kashi 60 zuwa 75 cikin 100 na ma'aikata suna ganin shugabansu na kusa ne mafi munin abin da ke cikin aikinsu. Sun ce ya kamata a auna shugaba da abin da mutanen da ke ƙarƙashinsa suka cim ma, maimakon yawan matakan da shi kansa ya hau.

Binciken da Timothy Judge da abokan aikinsa suka fitar a 2002, wanda ya tattara sakamakon nazarce-nazarce masu yawa, ya ƙarfafa wannan bambanci. Sun gano cewa son shiga jama'a da kaifin baki sun fi alaƙa da a ɗauki mutum a matsayin shugaba fiye da nagartar shugabancinsa. Sauƙin kai da tausayi kuwa ba su cika taimakon mutum ya fito fili ba, amma suna da alaƙa da nagarta bayan ya samu muƙamin. Ma'ana, hanyar zaɓen kanta tana fifita wanda ya iya tallar kansa.

Gefen hali mai duhu

Aikin da ya fi sa sunan Hogan ya yaɗu shi ne gwajin da suka fitar a 1997, mai auna halaye 11 da ke kayar da shugabanni. Waɗannan halaye sukan fara ne a matsayin baiwa. Amincewa da kai takan rikiɗe ta zama girman kai da ƙin jin shawara. Ƙarfin halin ɗaukar kasada yakan zama karya doka ba tare da nadama ba. Tsantseni yakan zama tsoron yanke hukunci, biyayya kuma ta zama kasa faɗa wa na sama gaskiya.

Sun kasa su rukuni uku bisa tunanin Karen Horney: masu janye jiki daga mutane, masu danne mutane, da masu neman yardar mutane ko ta halin ƙaƙa. Mutum yakan ɓoye waɗannan halaye a wajen ganawar neman aiki, domin a lokacin yana sa wa kansa ido. Suna bayyana ne idan ya gaji, ko ya shiga matsi, ko kuma ya kai matsayin da babu mai iya tsawata masa. Mulki yana haɗa dukkan ukun.

Inda ake sukar aikin

Akwai dalilan yin taka-tsantsan. Hogan mai kamfanin da ke sayar da gwaje-gwajen hali ne, don haka yana da riba a nasarar ra'ayinsa. A 2007 Frederick Morgeson da wasu manyan masana suka yi gargaɗin cewa ƙarfin irin waɗannan gwaje-gwaje wajen hasashen ƙwazon aiki ƙarami ne, kuma mai neman aiki yana iya ba da amsar da ya san ana so. Akwai kuma batun al'ada: nazarin da Michael Gurven da abokansa suka fitar a 2013 kan al'ummar Tsimane ta ƙasar Bolibiya bai samu rukunan hali biyar ɗin nan da aka saba samu a ƙasashen Yamma ba. Sannan yawancin binciken Hogan a kan manajojin kamfanoni aka yi shi, kuma ɗan siyasa yana aiki ne a ƙarƙashin jam'iyya da majalisa da kotu, waɗanda ke iya taka masa birki ko su ƙara masa wuta.

Abin da mai zaɓe zai ɗauka

Sashe na 131 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya gindaya wa mai neman shugabancin ƙasa sharuɗɗan haihuwa, shekaru, jam'iyya da matakin ilimi. Gyaran 2018 ya rage shekarun daga 40 zuwa 35. Babu sharaɗin da ke auna hali, don haka wannan aiki ya rage a hannun mai ƙuri'a.

Gangamin yaƙin neman zaɓe wuri ne da ɗan takara yake nuna yadda yake so a gan shi. Wanda ya bi tunanin Hogan zai nemi shaida a wani wuri: mataimaka nawa ne suka daɗe tare da shi, yaya ya yi da wanda ya faɗa masa ya yi kuskure, kuma a wane hali ya bar ma'aikatar da ya riƙe a baya. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun san amsoshin, kuma ana iya tambayarsu kafin ranar zaɓe.