Yadda Mai Mota Zai Kula da Motarsa

Babbar hanya ta taso daga Kwantagora, ta bi ta Birnin Yauri, ta shiga Yelwa, ta wuce Koko da Jega har Sakkwato. Daga jikinta ƙananan hanyoyi suka rabu, wata ta nufi Wara a ƙasar Ngaski, wata ta nufi Shanga. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji cikin 1968, ruwa ya ci garuruwa da yawa, aka gina wa mutane sababbi a bakin tafki. Daga garuruwan nan ake ɗauko kifi da albasa da shinkafa a kai kasuwa.

To, a ce mutum ya yi lodin ɗanyen kifi daga Wara, motarsa ta mutu a daji da tsakar rana. Bakanike yana nesa. Kafin a zo da shi kifi ya ruɓe. Ko kuwa a ce mace ce mai naƙuda za a kai asibiti Yelwa. Kun ga hasarar ta wuce ta kuɗi. Sau da yawa abin da ya kashe motar ƙaramin abu ne, wanda da an duba da safe da an gane. Rigakafi ya fi magani.

Abu biyar da za a duba kafin a tashi

1. Baƙin mai. Shi ne ke hana ƙarafan inji cin juna. A tsai da mota a wuri mai daidai, inji yana kashe, ya huce. Ka zaro ɗan ƙarfen awon mai, ka goge da tsumma, ka mayar, ka sake zarowa. Akwai zane biyu a jikinsa. Mai ya tsaya tsakaninsu. In ya yi ƙasa, a ƙara. In ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga, sai a kai wa bakanike. A juye mai a sa sabo bayan kamar kilomita 5,000.

2. Ruwan lagireto. Shi ne ke sanyaya inji. A duba shi da safe kafin a tayar da mota. A zuba ruwa mai tsabta, ko maganin ruwan da ake sayarwa don wannan aiki. Kada a ɗebi ruwan kogi mai laka, gama laka tana toshe ƙananan hanyoyin lagireto.

3. Taya. Ka zaga ka dubi duka huɗu, har da safaya. Yawancin ƙananan motoci suna son iska tsakanin 30 da 35 a ma'aunin mai faci. An rubuta adadin a jikin ƙofar direba. Taya mai ƙarancin iska tana zafi, tana cin fetur, tana kuwa fashewa, balle da bazara sa'ad da kwalta ta ɗau zafi. A gefen taya akwai lambobi huɗu masu nuna ranar haihuwarta. In ka ga 2321, watau an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Taya tana tsufa ko da tana ajiye. In ka ga ta tsattsage, ko ta yi ƙulu, ko zanenta ya shafe, kada ka saya, kome arharta.

4. Birki. Ka taka ka ji. In ya nutse har ƙasa, ko ya yi laushi kamar an taka soso, kada ka tashi. Ka dubi man birki a ɗan kwanonsa. In yana raguwa kullum, akwai inda yake yoyo.

5. Batir da fitilu. In ka ga farin gari ya taru a kan batir, ka fara kwance wayar da ke da alamar (–), sa'an nan ɗayar. Ka wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, ka goge, ka ɗaure tam. Wajen mayarwa, mai alamar (–) ita ce ta ƙarshe. Ka yi hankali, ruwan batir yana cin tufafi, yana makanta ido. Sa'an nan ka kunna fitilu, yaro ya zaga ya gaya maka wadda ta mutu.

Kowane lokaci da nasa

Da hunturu ƙura ta kan cika matatar iska. Inji yana numfashi kamar mutum. In matatar ta toshe sai ƙarfinsa ya ragu, ya riƙa shan mai da yawa. Tun da aka janye tallafin fetur cikin 2023, mai ya yi tsada, bai kamata a yi ɓarnarsa ba. A ciro matatar a kaɗe, in ta yi baƙi a sake.

Da damina kuwa rafuffuka su kan cika, su hau hanya. Ka sauka ka auna da sanda. In ruwa ya wuce rabin taya, ko yana gudu da ƙarfi, ka jira. In mota ta mutu cikin ruwa, kada ka sake murza makulli, gama in inji ya sha ruwa sai ƙarafansa su lanƙwashe. A turo ta waje. Bayan an haye, a riƙa taka birki sannu sannu har ya bushe.

In inji ya yi zafi

In ka ga allura ta hau ja, ko tururi yana fitowa, ka ratse gefe ka kashe inji. Kada ka buɗe murfin lagireto. Ruwan yana tafasa, zai yi tsalle ya ƙona maka fuska. Ka jira rabin sa'a ko fiye. Sa'an nan ka sa tsumma ka murɗa a hankali. Kada ka kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, zai iya tsagewa. Ka dubi fambel ko ya tsinke, ka dubi ƙasa ko ruwa yana zuba.

Haka kuma in jar fitila mai kama da buta ta kama kana cikin tafiya, ka tsaya nan take. Tana cewa mai ba ya zagawa. Wanda ya ce bari in ƙarasa gari, zai sayi inji.

Yadda ake sake taya

1. Ka fita daga hanya, ka tsaya a ƙasa mai tauri, ba kan kwana ko gangare ba.
2. Ka ja birkin hannu, ka sa giya, ka tokare sauran tayoyi da duwatsu.
3. Kowa ya sauka, ya tsaya nesa da hanya.
4. Ka ajiye alamar nan mai kusurwa uku can baya, don mai zuwa ya hango tun daga nesa.
5. Ka sassauta notuna tun taya tana ƙasa.
6. Ka sa jak a wurin da aka yi dominsa, ka ɗaga. In ƙasa yashi ce, ka sa katako a ƙarƙashinsa.
7. Ka cire taya, ka sa safaya, ka ɗaura notuna da hannu.
8. Ka sauke mota, ka ɗaure notuna sosai, wannan sa'an nan wanda ke fuskantarsa.

Kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. In ka gama, ka kwashe duwatsu da ganyen da ka zuba a hanya. Dutsen da ka bari yana iya kayar da mai babur da dare.

Kayan da ba a rabuwa da su

Safaya mai iska, jak, sifana, tocila, igiya, galan na ruwa, fambel, alama mai kusurwa uku, da tukunyar kashe wuta. Ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗura, wadda aka kafa cikin 1988, su kan tambayi waɗansu daga ciki. Amma ba don tsoronsu za ka riƙe ba, don ranka ne da na waɗanda ka ɗauko.

Abin da ya shafi cikin inji, ko giya, ko gyaran birki, wannan aikin bakanike ne. Kada ka yi karambanin akuya. Naka shi ne ka duba, ka saurara, ka kai gyara tun ciwo yana ƙarami. Mai babur da mai injin jirgin ruwa su ma su riƙe wannan.

Tambayoyi

1. Faɗi abu biyar da ake dubawa kafin a tashi.
2. Taya mai lamba 1022, wace shekara aka yi ta?
3. Don me ba a buɗe lagireto inji yana da zafi?
4. Mota ta mutu cikin rafi. Me za ka yi?